Kwamfuta Ɗaya, Hannu Goma: A Ba Kowa Sunansa da Kalmar Sirrinsa

Duk wanda harkar kasuwa ta taɓa kai shi ƙaramin ofishi irin na mutanenmu a kurmi ya san fasalin wurin. Ko na ƙungiyar ƴan shanu ne a Gariki da ke Inugu, ko na masu lodin kaya a kusa da titin Bida a Anacha, ko na ƴan gwari a Diobu cikin Fatakwal, kusan duk kamarsu ɗaya. Ɗaki guda, tebur biyu ko uku, firinta, da kwamfutoci biyu ko uku da aka haɗa da juna. A ɗaya daga cikinsu akwai folda da aka buɗe wa sauran, kuma a cikinta rayuwar ofishin take: sunayen ƴan ƙungiya da lambobin wayarsu, hotunan katin ɗan ƙasa, lissafin bashi, kuɗin la'ada, jerin motocin da suka taso daga Arewa da ranar da ake sa ran saukarsu. Sakatare yana shiga, ma'aji yana shiga, yaron da ke buga takardu yana shiga, ɗan shugaba ma idan ya zo hutu yana shiga. Dukansu da suna ɗaya suke shiga, da kalmar sirri ɗaya, wadda sau da yawa lambar wayar maigida ce ko shekarar da aka sayi na'urar.

Idan ka yi magana, amsar da za ka ji ita ce: "Ai mu nan duk ɗaya ne, babu mai cutar wani." Na yarda da kyakkyawar niyyar da ke cikin wannan magana, amma ban yarda da abin da ake ginawa a kanta ba. Ra'ayina shi ne, kalmar sirrin da kowa ya sani ba ta ƙara amana a ofis, rage ta take yi. Ranar da wani abu ya ɓace ko lissafi ya sauya, babu wanda za a iya kamawa, babu kuma wanda zai iya wanke kansa. Mai gaskiya ne ke fara shan wahalar wannan tsari, ba maci amana ba.

Yana da kyau mu tuna yadda iyayenmu suka kafa kasuwanci a wannan yanki. An gano kwal a yankin Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal a 1912 domin fitar da shi, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Hausawa da sauran ƴan Arewa suka bi hanya da shanu da busasshen kifi da hatsi, suka dawo da manja da sauran kayan kurmi. Zaman ya yi ƙarfi har a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Mutumin da ke nesa da gida, ba gona ba dangi, da me ya tsaya? Da sunansa ya tsaya. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo a Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu ke tafiya a kan bashi: baƙo ya sauka a wurin maigida, dillalin maigida ya sayar, magatakarda ya rubuta, maigida ya tsaya a matsayin lamuni. Kowane ciniki yana da sunan wanda ya ƙulla shi. Idan kuɗi ya maƙale, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ba a taɓa jin an ce "wani daga cikinmu" ne ya sayar ba.

Haka kuma addini ya koyar. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, kuma muminai aka yi wa umarnin, mutanen da suka yarda da juna. Rubutu da shaida ba zargi ba ne, kariya ce ga zumunci. To me ya sa da littafin bashi ya koma cikin kwamfuta muka yar da wannan ƙa'ida?

Bari in bayyana yadda na'urar ke aiki, domin rashin sanin wannan ne tushen matsalar. Idan kwamfutar sakatare ta nemi buɗe foldar da ke cikin kwamfutar ma'aji, akwai tambayoyi biyu da ake yi mata a ɓoye. Ta farko: wane ne kai? Ta biyu: me aka yarda ka yi? Ta farko ana amsa ta da suna da kalmar sirri. Ta biyu kuma tana cikin jerin izini da aka rataya wa foldar: wannan ya karanta kawai, wancan ya karanta ya gyara, wancan ko gani ba zai yi ba. Hanyar da kwamfutocin Windows ke bi su yi wannan magana ana kiran ta SMB, kuma tun shekarun 1980 ake amfani da ita. Tun asali ma domin kwamfutar tarayya aka fara sa wa kwamfuta kalmar sirri. A farkon shekarun 1960, a jami'ar MIT ta Amurka, tawagar Fernando Corbató ta gina tsarin da mutane da yawa za su yi aiki da babbar kwamfuta guda, sai aka ba kowa kalmarsa domin kada wani ya shiga fayil ɗin wani. Abin da aka warware fiye da shekara sittin da suka wuce shi ne muke rushewa a yau.

Yadda ɓarnar ke faruwa a ofisoshinmu kusan hanya ɗaya ce. Injiniyan da aka kira ya haɗa kwamfutoci yana sauri, maigida kuma ya ce masa: "Kai dai ka yi yadda ba za ta riƙa damun mu da tambaya ba." Sai ya kashe neman kalmar sirri gaba ɗaya, ya buɗe foldar ga kowa da cikakken iko. Ko kuma ya shigar da sunan maigida sau ɗaya, ya danna wurin da ke cewa na'ura ta riƙa tunawa. Daga ranar, duk wanda ya zauna a kujerar nan, a idon kwamfuta maigida ne. Akwai kuma wani abu da ke ƙara tura mutane ga wannan hanya: Windows ba ta barin a shiga kwamfutar da ke riƙe da folda da sunaye biyu mabambanta daga zama ɗaya. Ma'aji ya zo zai buɗe foldar kuɗi a inda sakatare ya riga ya shiga, sai na'ura ta ƙi. Maimakon a gane cewa maganin shi ne kowa ya sami nasa asusun a kan kwamfutar, sai a ce tsarin ne ke da wahala, a koma suna ɗaya.

Illa ta farko ita ce zargi. A ce an wayi gari bashin naira dubu ɗari takwas da ake bin wani ya koma dubu tamanin a takardar Excel. Sifiri ɗaya ne ya tafi. Kuskure ne? Ganganci ne? Wa ya taɓa? Mutum biyar ne ke da hanyar shiga, kuma abin da na'ura za ta iya faɗa kawai shi ne "Admin" ne ya gyara. A irin wannan rana ido kan faɗa ne a kan mafi rauni: yaron da aka kawo daga ƙauye bara, ko malamar da ke buga takardu. A kira shi a ce: "Kai, faɗi gaskiya tsakaninka da Allah." Ya rantse, wasu su yarda wasu su ƙi. Ko ba a kore shi ba, an riga an ɓata masa suna, kuma a zango labari ba ya kwana. Yaron da ke fatan wata rana maigida ya sallame shi da jari ya rasa abin da ya fi jarin. Da yana da nasa sunan shiga, mai izinin karantawa kawai, da babu ma mai kallon inda yake.

Illa ta biyu ta fi nauyi ga mazauna kurmi fiye da na Kano ko Katsina. Jerin sunayen ƴan ƙungiya da wurin kwanansu da lambobinsu, da bayanin motar da za ta sauka da wanda zai karɓi kuɗi, ba takardun banza ba ne a hannun mugu. Mutanenmu sun ga rikicin Anacha na watan Fabrairun 2006, sun ga wanda ya faru a Oyigbo a watan Oktoban 2020. Galibin maƙwabtanmu Ibo da Ikwerre da Ijaw abokan ciniki ne na shekara da shekaru, kuma su ma ɓarayi da masu garkuwa da mutane ba su ƙyale su ba. Amma al'ummar da ke zaune nesa da gida wajibi ne ta fi kowa kula da inda bayananta ke zuwa. Foldar da ke buɗe ga duk wanda ya sami lambar wayfai ɗin ofis, har da baƙon da aka ba shi don ya duba WhatsApp, ana iya kwashe ta cikin filas ko waya kafin a gama gaisawa. Kasuwar irin waɗannan bayanai kuwa tana ci. A watan Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan ƴan Najeriya, har da na lambar NIN, a kan naira 100 kacal. Wanda ya haɗa NIN ɗinka da BVN da lambar wayarka da hotonka ya yi nisa a hanyar karɓar bashi da sunanka.

Dokar zaman gida ta ranar Litinin da aka fara a Kudu maso Gabas a watan Agustan 2021 ta ƙara wani abu. Ranar da ba a fita, aiki kan koma waya, sai a riƙa tura kalmar sirri da fayil-fayil ta WhatsApp. Abin da ya shiga zauren mutum talatin ya daina zama sirri, kuma waya tana ɓata, ana sace ta, ana sayar da ita ba a goge ba.

Illa ta uku ita ce muguwar manhaja mai kulle fayil ta nemi kuɗin fansa. Galibi irin wannan manhaja tana aiki ne da ikon wanda ya buɗe ta. Idan yaron da ya danna wani saƙo yana da izinin karantawa kawai, ɓarnar ba za ta wuce inda hannunsa ke kaiwa ba. Idan kuwa da sunan maigida ya shiga, duk abin da ke cikin foldar tarayya ya tafi. Akwai kuma wasu ƙofofin da sakaci ke buɗewa: a ranar 12 ga Mayun 2017 manhajar WannaCry ta bi ta wata kafa a tsohon samfurin SMB ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, alhali Microsoft ta fitar da gyaran kafar tun watan Maris. A watan Mayun 2021 kuma kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya biya kusan dala miliyan 4.4, bayan an shiga masa ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu nan har yanzu akwai ofisoshin da ke kan Windows 7, wadda Microsoft ta daina yi wa gyara tun 14 ga Janairun 2020, ga kuma Windows 10 da wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoban 2025.

Doka ma ta iso inda muke. Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a ranar 12 ga Yunin 2023, aka kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, ta kuma ce idan suka fita ta hanyar da ka iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar ƙananan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. A watan Agustan 2024 hukumar ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity, ko da yake bankin ya musanta laifin. Ɗan canji da mai shagunan POS da wakilin tafiye-tafiye da makarantar Islamiyya duk suna tara bayanan jama'a. Dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta haramta shiga kwamfuta ba da izini ba, amma da wace hujja za ka kai ƙarar wanda ya cuce ka alhali kai ka ba kowa kalmar?

Na san uzurorin da ake kawowa, kuma ba na raina su. Na farko, ana cewa yaranmu ba su yi boko mai zurfi ba, za su manta. Amma yaron nan yana riƙe da lambar katin ATM ɗinsa, da ta buɗe wayarsa, da ta tura kuɗi, yana kuma riƙe da bashin mutum ashirin a ka. Ba sai an haɗa masa haruffa masu wuyar tunawa ba. Kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, a jere, sun fi gajeriyar kalma mai ƙawa ƙarfi, kuma sun fi sauƙin riƙewa. Hukumar NIST ta Amurka ma tun 2017 ta karkata ga tsawon kalma, ta daina ba da shawarar tilasta sauya ta kowane wata ba dalili.

Na biyu, ana cewa tsada. Buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa a Windows ba ya cin ko kwabo. Kwamfuta ta gama-gari tana ɗaukar haɗi har 20 a lokaci guda, wanda ya ishi ƙaramin ofis. Wanda ke son rumbun fayil na musamman yana iya ɗora Linux da manhajar Samba a kan tsohuwar kwamfuta. Andrew Tridgell ne ya fara Samba a Ostireliya a farkon shekarun 1990, kuma kyauta ce har yau. Ofishin da ya girma, mai kwamfutoci goma ko fiye, shi ne zai yi tunanin tsarin da ke riƙe sunayen kowa a wuri ɗaya, irin Active Directory, yadda ma'aikaci zai zauna a kowace kujera ya shiga da sunansa. Kuɗin da za a kashe na aikin injiniya ne na yini ɗaya ko biyu.

Na uku shi ne mai wuyar, domin na zuciya ne. Dattijon da ya shekara ashirin yana riƙe da kuɗin ƙungiya zai iya cewa: "Alhaji, yanzu ni ne ba a yarda da ni ba?" Amsar ita ce, ranka ya daɗe, an yarda da kai, shi ya sa ba a son wani ya yi ɓarna da sunanka. A shago ma ba kowane yaro ke riƙe makullin sito ba, kuma wanda aka damƙa wa makullin ya san girmamawa ce aka yi masa, wanda ba a ba shi ba kuma ya san an ɗauke masa nauyi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Hanyar da za a kauce wa ɓacin rai ita ce a fara daga sama: shugaba da kansa ya karɓi asusu irin na kowa don aikin yau da kullum, a ajiye babban asusun mai cikakken iko sai ranar gyara.

Abin da nake ba da shawara ba shi da yawa. Kowa da sunansa da kalmarsa, a kan kwamfutar da yake zama da kuma a kan foldar tarayya. A raba foldar gida uku ko huɗu bisa aiki: ta kuɗi ga ma'aji da mai binciken kuɗi, ta bayanan mambobi ga sakatare, ta wasiƙu da fom ga kowa. A ba da izini ga muƙami, ba ga mutum ba, domin idan an yi zaɓe aka sauya ma'aji, cire suna ɗaya a sa wani ya wadatar. A kashe shigar baƙo, a kunna rajistar da ke rubuta wanda ya buɗe da wanda ya gyara da wanda ya goge. A ware wa baƙi nasu wayfai. Wanda zai tashi salla ko cin abinci ya danna maɓallin Windows tare da L ya kulle allo. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, ko cikin daɗi ko cikin rigima, a ranar za a rufe asusunsa. Injiniya ma idan ya gama aiki a sauya kalmar da ya yi amfani da ita.

Abubuwa biyu kuma kada a manta da su. Na ɗaya, mutuwa da tafiya. Kalmar babban asusu a rubuta ta a takarda, a rufe a ambulan, shugabanni biyu su sa hannu, a ajiye a inda aka sani, domin kada lissafin jama'a ya bi mutum ɗaya kabari. Na biyu, kwafin ajiya da ba a bar shi jone da kwamfuta ba, kuma ba a ɗaki ɗaya da ita ba. Waɗanda suka ga gobarar tankar mai da ta tashi daga Upper Iweka ta ci sashen kasuwar Ochanja a Anacha a watan Oktoban 2019 sun san cewa ba ɓarawo kaɗai ke raba ɗan kasuwa da takardunsa ba.

Wa zai ja wannan gaba? Muna da shugabanci da ake jin maganarsa. Sarakunan Hausawa na waɗannan garuruwa suna sasanta rikicin kuɗi kusan kullum, sun fi kowa sanin yadda zumunci ke lalacewa a kan lissafin da ba a san wanda ya taɓa shi ba. Ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta ƙasa ta nuna a watan Fabrairun 2021, lokacin da ta dakatar da kai kaya Kudu na ƴan kwanaki, cewa umarninta yana isa kowace tasha daga Ugwuoba zuwa Lokpanta. Ƙungiyar da ke da wannan ƙarfi za ta iya fitar da takarda mai shafi ɗaya, da Hausa, ta ce ga yadda kowane reshe zai tsare bayanan mambobinsa. Limamai za su iya haɗa wannan da darasin amana da suke yi dama. Muna kuma da ƴaƴa da aka haifa a Fatakwal da Inugu da Anacha, sun karanta ilimin kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin yankin, suna jin Hausa da Ibo da Turanci, da yawansu suna neman aikin yi. A ba su wannan aiki, a biya su, a kuma rubuta yarjejeniya da su kan abin da suka gani.

Kai kuma maigida, kada ka jira takardar ƙungiya ko wasiƙar hukuma. A wannan makon ka zauna da mutanenka, ka rubuta sunan duk wanda ya san kalmar sirrin ofishinka, har da waɗanda suka bar aiki. Idan jerin ya wuce waɗanda za ka iya ba ajiyar kuɗinka, ka kira injiniya. Ka gaya wa yaranka dalili a fili: kana so ranar da lissafi ya rikice, kowannensu ya sami shaidar da za ta wanke shi. Haƙƙinsu ne a kanka, kamar yadda tsare bayanan mutanen da suka ba ka katinsu da lambarsu yake haƙƙi a kanka, kuma za a tambaye ka a kan duka biyun.